Ƙare-Dangi: Ya Halatta Ka Ƙudura Abin da Bai Halatta Ka Aikata Ba?



Akwai wata magana da ta yawaita a bakin samari tun ƙarshen watan Yulin 2023, lokacin da ƙungiyar CEDEAO ta ba sojojin da suka karɓi mulki a Yamai wa'adin mako guda, ta kuma ce tana iya amfani da ƙarfi. Aka rufe iyaka, aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, abinci da magani suka yi tsada. Tun daga sannan, a fada ko a wajen mai shayi, sai ka ji wani ya ce: "Da muna da bom ɗin nukiliya, wa ya isa ya ba mu wa'adi? Ga yuraniyom nan a Arlit, namu ne, wasu ke cin moriyarsa."

Masu wanga zance suna da hujja mai nauyi. Libiya ta yi watsi da shirinta na makaman a ƙarshen 2003, a 2011 jiragen NATO suka yi mata ruwan wuta. Yukren ta yarda a 1994 ta miƙa makaman da ta gada daga Tarayyar Sobiyet, ga shi Rasha ta ƙwace Kirimiya a 2014, ta afka mata gaba ɗaya a 2022. Koriya ta Arewa kuwa ta yi gwajinta na farko a 2006, har yau ba wanda ya taka ƙasarta da yaƙi. Wanda ya dubi waɗannan ukun zai ce duniya ba ta jin maganar kowa sai mai sanda.

Ni dai ina so mu auna wannan buri a inda ya riga ya cika, wato tsakanin Indiya da Pakistan, maƙwabta biyu da ba sa ga-maciji, kowanensu kuma da bom ɗinsa a ɗaka. Tambayata ta ɗabi'a ce: ya halatta mutum ya ƙudura a ransa, da gaske, zai aikata abin da kowa ya san haramun ne, don kawai ƙudurin ya tsare shi?

Yadda aka kai nan

A watan Agustan 1947 Turawan Ingila suka tafi, aka raba ƙasar gida biyu. Miliyoyin mutane suka bar gidajensu, ɗaruruwan dubbai suka mutu a hanya. Aka yi yaƙi kan Kashmir a 1947 zuwa 1948, aka sake a 1965, sannan a 1971 Pakistan ta sha kaye, gabashinta ya ɓalle ya zama Bangaladash. Ita ma Indiya tana da nata mikin: Sin ta doke ta a 1962, ta kuma gwada bom a 1964. Tsoron Sin ya tura Indiya, tsoron Indiya ya tura Pakistan.

Ranar 18 ga Mayu 1974 Indiya ta tashi bom ɗinta na farko a Pokhran, cikin hamadar Rajastan. Tun kafin nan Zulfikar Ali Bhutto ya riga ya ce in Indiya ta ƙera, su ma sai sun ƙera, ko da ciyawa za su koma ci. A watan Mayun 1998 Indiya ta yi gwaji ranar 11 da ranar 13, Pakistan ta mayar da martani ranar 28 a duwatsun Chagai na Balocistan, ta ƙara ranar 30. Yau masu bin diddigin makamai suna ƙiyasta kowace ɗaya tana da kawunan nukiliya sama da 150. Ku tuna bom guda ne ya faɗa Hiroshima ranar 6 ga Agusta 1945, kafin shekarar ta ƙare mutum wajen 140,000 sun mutu.

Masu kare wannan tsari suna cewa: to ai ga amfaninsa, tun 1971 ba a sake babban yaƙi ba. Kowa na tsoron kowa, sai aka zauna. Faransawa na kiran abin dissuasion. Mu kira shi zaman tsoron juna.

Gargaɗi, kurari da barazana

A ilimin harshe ana koya mana cewa wata maganar ba labari take bayarwa ba, aiki take yi. Wani masani ɗan Ingila, J. L. Austin, shi ya shahara da wannan bayani, amma Bahaushe ya daɗe da sanin abin. Waliyyi ya ce "na ba da", wakili ya ce "na karɓa", aure ya ɗauru. Miji ya furta saki, aure ya mutu. Ka ce "na yi alkawari", ka ɗaura wa kanka igiya ke nan. Shi ya sa ake cewa magana zarar bunu ce.

Zaman tsoron juna kacokan a kan jimla guda yake tsaye: "In ka taɓa ni, zan ƙone garuruwanka." Bom ɗin da ke cikin rami ba ya hana kowa komai sai da wannan jimla. To wace irin magana ce?

Hausa ta bambanta abu uku. Akwai gargaɗi: "Kada ka bi ta nan, akwai maciji." Haɗarin daga wani wuri yake, mai maganar taimakonka ya yi. Akwai kurari: uwa ta ce wa ɗanta "yau sai na yanka ka", ita ta san ba za ta yi ba, shi ma yaron in ya ƙara wayo zai gane. Sannan akwai barazana: "In ka bi ta nan, sai na sare ka." A nan mai maganar shi ne macijin, kuma yana nufin abin da ya faɗa.

Gwamnatoci sun fi son a ɗauki maganarsu a matsayin gargaɗi, kamar bala'in daga sama zai sauko, ba da hannun kowa ba. Amma akwai hannu, akwai wanda zai ba da umarni da wanda zai danna. Kurari kuma ba ya aiki a nan, domin ranar da abokin gaba ya gane cika baki ne, tsoron ya tafi, tsaron ma ya bi shi. Saura barazana. Barazana kuwa alkawari ce ta sharri, kuma kamar kowane alkawari, ba ta da ƙarfi sai an yarda mai ita da gaske yake. Ke nan domin a zauna lafiya yau, dole ne a samu mutane a Delhi da Islamabad waɗanda suka riga suka ƙulla niyyar ƙone miliyoyin bayin Allah gobe, in sharaɗin ya cika.

Niyyar nan ba a zuci kawai take ba. An zaɓi garuruwan da za a harba, an horar da hafsoshi, an rubuta umarni an ajiye. Niyya ce mai ofis da albashi.

Abin da sunaye ke ɓoyewa da abin da suke tonawa

Ku dubi yadda ake raɗa wa abin suna. Indiya ta kira gwajin 1974 fashewar zaman lafiya, sunan sirrin aikin kuma yana nufin Buda mai murmushi, alhali Buda mutum ne da aka sani da hana kashe rai. Makamanta masu linzami akwai Agni, wato wuta, da Prithvi, wato ƙasa. Pakistan ta sa wa nata Ghauri, Ghaznavi, Abdali da Babur, sunayen sarakunan da suka taɓa shiga Indiya da yaƙi. Sunan kansa saƙo ne zuwa ƙetaren iyaka. Ranar 28 ga Mayu kuwa ana bikinta a Pakistan da sunan ranar kabbara.

Hausa ba ta yi wa abin kwalliya ba. Masu fassarar labarun rediyo suka ce makamin ƙare-dangi. Ban san sunan da ya fi wannan gaskiya ba, kuma a Indiya da Pakistan ya dace har ya wuce misali. Tsakanin Lahor ta Pakistan da Amritsar ta Indiya kilomita 50 ne ko kusa da haka, bai kai nisan Maraɗi zuwa Katsina ba. Harshen Punjabi ake yi a duka biyun, rubutu ne kawai ya bambanta. Hindi da Urdu ma a bakin ɗan kasuwa kusan harshe guda ne, ɗaya ana rubuta shi da baƙaƙen Indiya, ɗaya da na Larabci, kamar dai boko da ajami a wurinmu. Wanda ya tashi da kallon fina-finan Indiya ya sha jin kalmomi irin su duniya da kitab a bakin jarumai.

Wasu a cikinmu na jin daɗin bom ɗin Pakistan, wai na Musulmi ne. To a ƙidayar 2011 Musulmin Indiya sun haura miliyan 170. Bom ɗin da zai faɗa Delhi ba zai tsallake babban masallacin Juma'arta ba, ba zai tambayi kowa kalmar shahada ba. Haka wanda Indiya za ta harba Punjab ta Pakistan zai faɗa ƙasar da aka haifi Guru Nanak, wanda mabiya addinin Sikh na Indiya ke girmamawa. Iska kuma ba ta san iyaka ba, ƙurar da ka tayar gidan maƙwabci da yamma tana iya kwana a ɗakinka.

Nauyin niyya

Tun muna makarantar allo aka koya mana cewa niyya ita ce ma'aunin aiki. An kuma koya mana cewa ko a fagen yaƙi akwai waɗanda ba a taɓawa: mata, yara, tsofaffi, masu ibada a wuraren ibadarsu. Dokokin yaƙi na duniya ma haka suka ce, a bambanta soja da farar hula. Ƙare-dangi bai san wannan bambanci ba. In haka ne, harba shi a kan gari laifi ne, ko wa ya fara. Garin da za ka ƙone don ramuwa ba shi ya harbe ka ba, ƴan makaranta ne da masu tallar kayan miya.

In aikin laifi ne, ƙulla niyyarsa fa? Kotun Duniya da ke Hague ta taɓo wannan a ra'ayin da ta bayar a watan Yulin 1996. Ta ce in amfani da wani ƙarfi ya saɓa doka, barazanar amfani da shi ma ta saɓa. Ta ce galibi amfani da nukiliya ya saɓa dokokin yaƙi. Sai dai da aka zo kan ƙasar da rayuwarta gaba ɗaya ke cikin haɗari, alƙalan suka kasa yanke hukunci. Inda suka tsaya ɗin nan, nan ne gardamar take.

Mai kare tsarin zai ce: "Na ƙulla niyyar ne don kada in taɓa aikatawa. Manufata alheri ce." Bari in kawo misali. Kana rigima da maƙwabcinka, kana tsoron ya faɗo maka da dare. Sai ka kama ɗansa ka ɗora masa wuƙa a wuya, shi ma ya kama naka ya ɗora masa. Kuka shekara ashirin a haka, ba wanda ya yanka. Za ku iya cewa dabararku ta yi aiki. Amma a tambayi yaran. Ba su yi laifin komai ba, ba a nemi yardarsu ba, an mai da wuyansu jingina. Ko ba a zubar da jini ba, an riga an zalunce su. Mutanen Lahor da Mumbai da Karaci su ne yaran nan.

Wani zai ce: "To shugaba ya yi kurari mana, ya nuna zai harba, a ransa kuwa ya san ba zai yi ba." Wannan ya fi sauƙi a baki. Hafsan da ke ƙarƙashinsa bai san kurari ne ba, shi an horar da shi ya bi umarni cikin ƴan mintoci. Shugaba kuma yana mutuwa, ana kifar da shi, wani ya gaji kujerar da makullan duka. Ramin da ka gina don tsoratarwa, wanda ya gaje ka yana iya tura mutum ciki.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta lalura. Pakistan ta fi Indiya ƙanƙanta nesa ba kusa ba, ta taɓa rasa gabashinta gaba ɗaya, shi ya sa ma ta ƙi yin alkawarin da Indiya ta yi na cewa ba ita za ta fara harbawa ba. Wa zai ce mata ta ajiye ita kaɗai? Ni ban isa ba. Wanda ya riga ya shiga wannan tarko ba ya fita da tsalle guda. Amma lalura tana da ladubbanta. Wanda yunwa ta kai shi ga cin mushe yana ci ne gwargwadon abin da zai tsayar da rai, yana neman hanyar fita, kuma ba ya kiran makaɗa. Ƙasar da ke bikin ranar bom ɗinta, tana yawo da makamai a faretin shekara yara na tafi, ta wuce lalura ta shiga alfahari. Ciyawar da Bhutto ya ambata kuwa, ba a gidan minista ake cin ta ba.

Zaman lafiyar da ake faɗi

A duba ma ko tsoron junan ya kawo abin da ake yabonsa da shi. Shekara guda bayan gwajin 1998 aka gwabza a tsaunukan Kargil, daga Mayu zuwa Yulin 1999, ɗaruruwan sojoji suka mutu. A Disambar 2001 aka kai hari majalisar dokokin Indiya, ƙasashen biyu suka jibge dakaru a iyaka wata da watanni. A Nuwambar 2008 ƴan bindigar da suka taso daga Pakistan suka kashe mutum 166 a Mumbai. A Fabrairun 2019, bayan harin Pulwama, jiragen Indiya suka kai farmaki Balakot. A Afrilun 2025 aka kashe mutum 26 a Pahalgam, a watan Mayu aka kwana huɗu ana harba wa juna makamai masu linzami da jirage marasa matuƙi. Bom ya hana babban yaƙi, ya kuma ba kowane ɓangare ƙarfin halin tsokana, tunda yana ganin ɗayan ba zai kuskura ya kai abin ƙarshe ba. Mutanen Kashmir ke biyan kuɗin wannan lissafi.

Ga kuma kuskure, wanda ba ya neman izinin kowa. Ranar 9 ga Maris 2022 wani makami mai linzami na Indiya, samfurin BrahMos, ya tashi bisa kuskure ya faɗa Mian Channu cikin Pakistan. Allah ya kiyaye, ba kan nukiliya a jikinsa, ba wanda ya mutu, kuma lokacin ba a cikin rikici ake ba. Da a cikin kwana huɗun nan na 2025 ya faru fa? Tsakanin maƙwabta makami na isa cikin ƴan mintoci, ba lokacin tambaya balle shawara. Dabarar da dole sai ta yi nasara kullum, kuskure guda kuma ya ishe ta, sa'a ce ke riƙe da ita.

In kun lura da yadda kowane rikici ya lafa, za ku ga wata irin magana ce ta kashe wutar. A Kargil, Nawaz Sharif ya je Washinton ranar 4 ga Yuli 1999, aka yi zance, aka janye. A 2019 Pakistan ta mayar da matuƙin jirgin Indiya da ta kama, cikin ƴan kwanaki. A 2022 Indiya ta fito ta ce kuskure ne, daga baya ta kori hafsoshi uku. Ranar 10 ga Mayu 2025 manyan hafsoshin ɓangarorin biyu suka yi magana ta waya, aka tsagaita wuta. Akwai ma yarjejeniyar 1988 ta cewa ba za su kai wa cibiyoyin nukiliyar juna hari ba, kuma tun 1992, kowace ranar 1 ga Janairu, suna musayar jerin sunayen cibiyoyin, ko ana cikin fushi. Tsoro ya sa su neman mafita, gaskiya ne, amma mafitar kanta alkawari ce, da amsa laifi, da mayar da amana, da ɗaga waya. Waɗannan duka ana iya yin su ba tare da an ɗora wa yaro wuƙa a wuya ba.

Mu da ba mu shiga ba

Matsayina shi ne: ƙulla niyyar ƙare-dangi laifi ne ko ba a aikata ba. Wanda ya riga ya faɗa ciki ana iya yi masa uzurin lalura, muddin ana ganin yana rage makaman yana neman ƙofar fita. Wanda bai shiga ba kuwa, ba shi da uzurin yin sha'awa.

Mu nan ba mu shiga ba. Yuraniyom ɗin Arlit ma da nisa tsakaninsa da bom: nau'in da ke fashewa bai kai kashi 1 cikin 100 na abin da ake haƙowa ba, bom kuwa yana son a tace shi ya kai wajen kashi 90. Neman haƙƙinmu a kan arzikin ƙasarmu daidai ne, amma wannan wata magana ce daban. Saharar nan tamu ta riga ta ɗanɗana abin, ranar 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta tashi bom ɗinta na farko a Reggane ta Aljeriya, ba ta tambayi makiyayan yankin ba. Afirka ta Kudu ta ƙera guda shida ta kuma lalata su, de Klerk ya sanar a 1993, ko da yake ana cewa gudun kada su faɗa hannun baƙar fata na cikin dalilan. A 1996 ƙasashen Afirka, har da Nijar, suka sa hannu a yarjejeniyar Pelindaba ta haramta makaman a nahiyar. Wannan ba abin kunya ba ne.

A 2023 ɗin ma da muke tunawa da zafi, ku tuna abin da ya taimaka aka kauce wa yaƙi. Majalisar Dattawan Najeriya ta ƙi goyon bayan amfani da ƙarfi, malaman addini suka taso daga can suka zo Yamai, jama'ar Katsina da Sakkwato da Kano suka ce ba a yaƙar ɗan'uwa. Zumunci ne ya yi magana, da Hausa kuma ya yi ta.

Barazana jimla ce, jimla kuwa tana son a cika ta. Saboda haka duk wanda ya sake ce muku "da muna da bom", kada ku yi masa gardama. Ku ce ya ƙarasa zancen: a kan wane gari za a saita shi? Ya faɗi sunan garin da bakinsa, sannan ya lissafa wa yake da shi a can, goggo ce, ko abokin karatu, ko wanda ke aiko masa da kaya daga kasuwar Kwari. In ya iya faɗa bai ji komai a ransa ba, to mu yi masa addu'a. In kuwa harshensa ya yi nauyi, ya riga ya amsa tambayar da na yi.

Allah ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Wassalam.